Yajin Jego a Gaban Kwamitin Zaɓe

Gwangwanayen Milo guda shida ne jere a saman kabad ɗin kicin a gidan Ubale da ke unguwar Wangsa Maju a ƙasar Malesiya, kuma ko cokali ɗaya na Milo babu a cikinsu. Yajin jego ne. Lokacin da matarsa Mubina ta haifi Afnan, an so mahaifiyarta, Inna Uwa, ta zo daga Gumel ta yi mata zaman jego, amma kuɗin jirgi ya fi ƙarfin kowa, ga tsohuwa da ciwon gwiwa. Sai ta zauna ta daka yaji da hannunta, ta ƙi yarda a kai inji, ta cika gwangwanaye ta liƙe bakinsu da salatif, ta ba wani ɗalibi mai dawowa daga hutu. Ranar da Mubina ta buɗe na farko ta shinshina, kuka ta yi har Ubale ya rasa inda zai sa kansa. Tun daga nan take cinsa da tattali, kan cokali a farfesu, kan cokali a shinkafa, wai so take ya kai ta har yaye. Duk abin da ta samu na uwa a wannan haihuwa, shi ke nan a saman kabad.

To, a daidai wannan lokaci ne ƙungiyar zumuncin ɗaliban Arewa ta shiga zaɓe, Ubale kuma ya fito takarar shugaba. Ba za a ce bai cancanta ba. Shekararsa biyar a ƙasar, digirin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, amma duk baƙon da ya sauka shi ke taro shi a filin jirgi, ya nema masa ɗaki, ya kai shi kasuwar Chow Kit ya nuna masa inda ake sayar da naman akuya da kuɓewa. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: kafin ya koma gida a kira shi Shugaba ko da na shekara ɗaya ne. Abokin karawarsa Ado bai fi shekara biyu da zuwa ba, sai dai yana da 'yar mota, kuma mai mota a cikin masu bin jirgin ƙasa ba ya rasa masoya.

Matsalar ta fara ne daga ranar da aka ba Malam Hassan shugabancin kwamitin zaɓe. Malam Hassan ɗalibin shari'a ne, a kan dokokin zaɓe ma yake bincikensa, kuma ya daɗe yana neman mutanen da zai gwada iliminsa a kansu. Ƙungiyar da ta saba zaɓe da ɗaga hannu bayan an ci tuwo, sai ga ta da kundin ƙa'idoji mai shafi goma sha tara. A ciki aka ce waɗanda ke karatu a nesa, a Penang da Kedah da Johor, su aiko da ƙuri'unsu ta gidan waya, kowa ya sa hannu a bayan ambulan, kwamiti zai gwada da sa hannun da ke cikin rajistar ƙungiya.

Nan aka yi ta. Ita wannan rajista, a walimar Babbar Sallah aka zaga da ita, daidai lokacin da hannun daman kowa ke cikin miyar taushe. Wasu da hagu suka ja layi, wasu suka ce wa na kusa da su ya taimaka ya sa musu, mutum ɗaya ma ya dangwala yatsa da manja. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi, don a wajenmu sa wa ɗan'uwa hannu zumunci ne. Da ambulan suka iso da sa hannun mutane na gaskiya, wanda suke cirar kuɗi da shi a banki, sai Malam Hassan ya sa tabarau ya ce bai yi kama ba. Ya ware ambulan tara ya ajiye gefe, ba a buɗe ba. Da aka ƙirga sauran, Ado na gaba da ƙuri'a biyu.

Ubale ya duba sunayen mutum taran nan, zuciyarsa ta yi fari. Babu wanda bai ɗaukar wa akwati ba a cikinsu. Ƙa'ida ta ba da mako guda a gyara: mai ƙuri'a ya sake sa hannu a wata takarda gaban shaida, kuma an yarda ɗan takara ya kai takardar da kansa. Sai dai akwai sashe na goma sha huɗu, wanda Malam Hassan ya fi ƙauna. Duk abin da ɗan takara ya kashe wajen gyaran sa hannu, dole ya bayyana shi a gaban taro, kada ya wuce ringit ɗari uku, ko kuɗi ne ko abin da ya yi kama da kuɗi. Ado da yake yana gaba, ko motsi bai yi ba.

Ubale ya zauna ya yi lissafin kuɗin bas zuwa arewa da kudu da dawowa, ya ga ɗari ukun ta ƙare ƙarƙaf, ko na tapau, wato ƙunshin abinci, a hanya bai rage ba. Ga shi kuma ba a zuwa wa mutum da buƙata hannu rabbana. Ya kira Abdallah na Penang ya gwada shi, Abdallah ya ce wallahi yana fama da ɗakin gwaje-gwaje a makon nan, amma za a duba. Duk Bahaushe ya san ma'anar za a duba. Ubale ya kashe waya ya shiga kicin shan ruwa, ya ɗaga kai don ya kurɓa, idonsa ya sauka a saman kabad.

Shaiɗan bai sha wahala da shi ba, don hujja ya kawo masa irin ta masu digiri. Yaji ba kuɗi ba ne. Bai ma yi kama da kuɗi ba, tunda ba saya aka yi ba, babu rasit, babu farashi. Kuma tsaraba ce, tsaraba ko al'ada ce, ba kamfe ba. Game da Mubina kuwa, ai gwangwani ɗaya take buɗewa a lokaci guda, kafin ta kai ga na biyu an gama zaɓe ya san dabarar da zai yi. Wace dabara ce, bai tsaya tambayar kansa ba. Ya sauka wajen mai shagon mamak na ƙasan beninsu, inda ake sayar da shayi da abinci, ya roƙi tsofaffin gwangwanayen Milo, mutumin ya ce boleh, wato ba matsala, ya ba shi ba tare da tambaya ba. Da Mubina ta shiga wankan jego da safe, ya cika su da shinkafa don nauyi ya zo daidai, ya liƙe da salatif, ya jera su a sama, na gaskiyar guda biyar suka shige jakar bayansa.

Tafiya ta yi kyau, abin haushi. Abdallah da ya ce ba shi da lokaci, yana jin ƙanshi ya samu lokaci, har da kiran abokan ɗakinsa biyu su zo su sa hannu. A Kedah an raka shi har tasha. A Johor wani magidanci mai furfura a gemu ya ɗanɗana ya ce rabonsa da yaji mai ratsa jiki haka tun yana gida, ya tambayi yajin mene ne. Ubale ya ce yajin gida ne kawai, ya kau da kai. Gwangwani na ƙarshe ya kai wa wani yaro Tajuddeen a Gombak, wanda ke cikin gari amma ya aiko ta gidan waya don ƙiwuyar hawa jirgi. Ya dawo da takardu tara cif, da rasit na bas da suka kama ringit ɗari biyu da casa'in da shida, yana jin kansa kamar wanda ya ci jarrabawa.

Abdallah ne ya fara ɓallo ruwa. Ya dafa garau-garau, ya barbaɗa yaji ya yi ja, ya ɗauki hoto ya sa a guruf ɗin maza, ya rubuta godiya ta musamman ga mai girma Ubale. Ubale ya kira shi nan take ya ce ya goge, ya goge, amma Ado ya riga ya adana. Shi kuma Tajuddeen ashe yaron Ado ne, a motarsa yake zuwa Juma'a. Washegari ƙara ta isa gaban kwamiti, da gwangwani a matsayin shaida.

Ranar Lahadin da za a yi taro, suna shirin fita, Mubina ta ƙwanƙwasa gwangwanin da take ci a kan faranti, ɗan abin da ya rage ya zubo.

“Baban Afnan, wannan ya ƙare. In mun dawo ka sauko mini da na biyu.”

Ya ce to. Ya so ya ce ta zauna a gida saboda jaririya, amma ta riga ta ɗaura ɗankwali, ta ce ranar da mijinta zai zama shugaba ba za a ba ta labari ba. Wannan magana ta fi komai yi masa ciwo, har suka isa bai iya haɗa ido da ita ba.

A zauren taro na wani beni da ke kusa da su aka haɗu bayan la'asar, maza a gaba, mata a baya da yara da kuloli. Malam Hassan ya kira Ubale ya karanta abin da ya kashe. Ya karanta bas, bas, bas, ya zauna. Sai Ado ya miƙe ya ce point of order, ya fito da gwangwani daga leda ya ɗora a tebur, ya ce ɗan takara ya raba wa masu ƙuri'a kaya bai yi disclosure ba, wato bai bayyana ba. Ubale bai waiwaya ba, amma ya ji a ƙeyarsa cewa an daina jijjiga jaririya.

Malam Hassan ya ce dole kwamiti ya ga abin da ke ciki. Ya sa makulli ya ɓalle murfin. Fanka na kaɗawa daga gaba zuwa baya, saboda haka ƙanshin kimba da kanumfari da masoro bai tsaya wajen maza ba. Wata Larai, uwar 'ya'ya huɗu da ba ta iya ɓoye dariya, ita ta fara. Ta tambaya da ƙarfi, cikin mazan nan wa ya haihu ba a gaya musu sun je barka ba? Mata suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Tajuddeen da ya yi kwanaki yana zuba shi a taliya ya tambayi na kusa da shi me ake nufi, aka raɗa masa, ya sunkuyar da kai. Mace ɗaya ce ba ta yi dariya ba, kuma kowa ya san ita ce mai jego kaɗai a ƙungiyar.

Ubale ya tashi ya kare kansa da hujjar nan da ya zo da ita tun daga kicin. Ya ce ba saya ya yi ba, daga gida aka aiko, saboda haka ba shi da farashi, abin da ba shi da farashi kuwa ba a kashe shi. Malam Hassan ya ji daɗin hujjar ƙwarai, irin ta da yake so ce. Ya buɗe kundi ya ce madalla, sashe na goma sha huɗu ƙaramin sashe na uku ya tanadi wannan: in kaya kyauta ne daga wani, sai mai kayan ya tabbatar da bakinsa cewa ya ba ɗan takara, ya kuma faɗi kimarsu. Wane ne mai kayan?

Daga bayan zauren aka ji muryar Mubina, ba ta ɗaga ta ba, amma ta kai ko'ina.

“Innata ce. Yanzu hantsi ne a Gumel, tana gida. Bari in kira muku ita.”

Wanda bai san surukuta ba ba zai gane abin da ya sami Ubale ba. Shekara bakwai da aurensa, bai taɓa cin abinci a gaban Inna Uwa ba, bai taɓa kallon tsakiyar idonta ba, in ya hango ta a hanya a Gumel lungu yake shiga. Yau ita za a kira a gaban mutum sittin a gaya mata ya kwashe yajin jegon 'yarta ya raba wa ƙarti don neman kujera. Ya ɗaga hannu biyu ya ce ya janye, wallahi ya janye, a ba Ado. Malam Hassan ya ce janyewa sai a rubuce, kuma sai an gwada sa hannu da na rajista. Na Ubale kuwa, kowa ya tuna, shi ne na manja.

Mubina ta taho har gaban tebur da goyo a bayanta, ta ɗora wayar jikin gwangwanin. Ta yi ƙara sau uku, sai ga goshin Inna Uwa da rabin ɗankwalinta sun cika fuskar wayar, zakara na cara a bayanta. Kafin ta gama amsa sallama Ubale ya riga ya tuɓe takalma ya durƙusa a kan tayil, a gefen da wayar ba ta ma ganinsa. Ya gaishe ta da murya kamar ta mai zazzaɓi. Ta amsa ta tambayi karatu, ta tambayi jama'a.

Malam Hassan ya gabatar da kansa da duk muƙamansa, ya yi bayani tiryan-tiryan, da sashe da ƙaramin sashe, da Penang da Johor, da gwangwani biyar. Tsohuwa ta saurara ba ta katse shi ba. Ba ta san mene ne sashe ba, amma ta aurar da 'ya'ya shida, ta gane abin da ya faru tun kafin a kai Johor.

“Ɗana,” ta ce, “abin da na aika gidan nan, na mai gidan ne. In ya bayar, ni na bayar.”

Malam Hassan ya rubuta. Ya tambayi kimarsa a kuɗi, ko da a naira ne za su canza. Ta ce ita ba ta taɓa sayar da yaji ba, ba ta san kuɗinsa ba, ya rubuta abin da ya ga dama. Sannan ta tambaya, wai da gaske maza ne suka cinye? Aka ce mata e. Ta ce to Allah ya ba su lafiya, Allah ya raya abin da suka samu, a riƙa shan kunun kanwa. Zauren ya kece da dariya, har Malam Hassan sai da ya cire tabarau ya share ido. Ubale ma ya fara jin numfashinsa na dawowa, yana cewa a ransa ashe abin zai zo da sauƙi.

Sai Inna ta ce a ba ta Auta. Mubina ta ɗauki wayar, amma ba ta rage muryar ba, na kusa duk suna ji.

“Auta, ke dai kin samu kin ci ko? Don ke na yi shi. Hannun nan nawa har yau bai daina ciwo ba.”

Mubina ta kalli mijinta da ke durƙushe ba takalmi. Da ta faɗi gaskiya ba wanda zai ga laifinta, shi kansa jira yake.

“Na ci sosai, Inna. Ya yi mini yawa ne ma, shi ya sa muka raba. Har yanzu akwai saura a sama.”

Inna ta ce alhamdulillahi, hankalinta ya kwanta, a shafa mata kan takwararta. Aka kashe waya. Dariyar da ta rage a zauren ta mutu da kanta. Ubale ya ji kunyar da bai taɓa ji ba a rayuwarsa, don da zaginsa suka yi da ya san yadda zai ɗauka, amma uwa da 'ya sun haɗu sun rufa masa asiri, kowacce tana yi wa ɗayar ƙarya saboda shi.

Malam Hassan ya yanke hukunci cewa kyauta ta tabbata, kima kuma ba a san ta ba, saboda haka ba za a ce an wuce ɗari uku ba. Za a rubuta yaji, gwangwani biyar, babu farashi, a kuma gargaɗi ɗan takara kan jinkirin bayyanawa. Aka yi watsi da ƙarar Ado, aka kawo ambulan tara aka farke. Abin da Ubale ya manta tun farko shi ne, an liƙe su tun kafin yaji ya bar Wangsa Maju. Uku nasa, shida na Ado. Ashe mutanen da ya ɗaukar wa akwati sun tuna wanda ya kai su tasha a mota daga baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ado ya zo ya rungume shi ya gode masa da gaske, ya ce ba don ƙoƙarinsa ba da ratar ba ta kai haka ba.

Ana nannaɗe tabarmi, Malam Hassan ya jawo gwangwanin ya ce shaida ce, za ta zauna a ajiyar kwamiti har wata shida. Mubina ta miƙa hannu ta ɗauke shi daga gabansa, ta mayar da murfin, ta sa a jakar kayan jaririya. Malam Hassan ya dubi fuskarta. A duk shafi goma sha taran nan bai tuna da sashe ko ɗaya ba.

A ƙafa suka koma, shi riƙe da Afnan, ita a gaba. Da suka shiga gida ya sa kujera ya sauko da gwangwanayen nan biyar da kansa, ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya a gabanta, ya juye shinkafar a roba. Ya fara ba da haƙuri. Ita dai ta auni gwangwani guda daga shinkafar ta wanke ta ɗora, ta ce ba za a yi asara biyu ba.

Da ta sauke ta zuba faranti biyu da mai, ta ɗauko gwangwanin shaida. Tajuddeen ya yi masa cin mai gayya, abin da ya rage bai rufe gindin gwangwanin ba. Ta sa kan cokali ta ɗiba ta barbaɗa a nata. Ubale ya ja nasa farantin gefe, ya fara cin shinkafarsa fara, kansa a ƙasa. Sai ya ga cokali ya shigo ta gefen idonsa, jan gari ya sauka a kan shinkafar.

“Ci, Baban Afnan. Duk Malesiya kai kaɗai ne namijin da bai ɗanɗana ba.”

Ya kai loma. Yajin ya ratsa shi har ƙoƙon kai, ya ji kimba, ya ji citta, ya ji irin laushin da inji ba ya yi, sai hannun da ya daɗe a kan taɓarya. Hawaye suka zubo masa. Mubina ta tura masa kofin ruwa, ba ta tambaye shi ko na yajin ne ba.